Aikin famasis a asibiti ya wuce miƙa magani

'Yar'uwa, kin tambaya ko famasis a asibiti miƙa magani kawai yake yi ta taga. A'a wallahi. A ɗakin jinya nan Gusau, sai na duba takardar likita: wannan allurar ceftriaxone, maganin kashe bakteriya, dole ce? Kwana nawa? In mara lafiya ya fara cin abinci, mukan shawarci likita a koma ƙwaya.

Abin da ke damuna shi ne shan amoxicillin don mura, alhali ba ya kashe bairos ɗin da ke kawo ta, sai dai ya koya wa bakteriya turjiya. Ciwon da ya ƙi ji, a kai samfuri ɗakin gwaji kafin a sauya magani.

Karatun kuwa, akwai Jami'ar Danfodiyo a Sakkwato, sai horon shekara 1 da rajistar PCN, hukumar da ke kula da aikin famasis a Najeriya.