Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan murar jaririnta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya.

Kin ce yaronki ɗan wata huɗu yau kwanansa biyu da mura da tari, likita ya ce RSV ce, wato wata cuta mai kama hanyoyin numfashi, ya ba ki ruwan ɗiga wa hanci da farasitamol kawai, shi ne kike tambaya ko ki je kemis ki ƙaro masa antibayotik. Don Allah kada ki saya. RSV ƙwayar bairos ce, antibayotik ba ya kashe ta. Likitan nan bai yi miki rowa ba.

Ni abin da na yi ke nan lokacin da 'yata take da wata uku, da damina. Yayanta ne ya kwaso mura daga makaranta, shi ko a jikinsa. Na sayo mata maganin kemis, hankalina ya kwanta, ina ganin ai tana shan magani. A dare na huɗu ta ƙi kama nono. Da na ɗaga rigarta sai na ga ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa ciki duk sanda ta ja numfashi, ƙofofin hancinta suna buɗewa, ƙirjinta yana fito kamar usur. Kwana biyar muka yi a asibiti tana kan oksijin, ana ba ta nonon da na tatsa ta robar hanci. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

A can wata nas ta koya mini abin da nake so ki riƙe. Ciwon ya fi tsanani daga kwana na uku zuwa na biyar, wato yanzu kike shiga wurin da ake sa ido. Ki bari yana kwance lafiya, ba kuka yake ba, ki buɗe cikinsa, ki ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur da agogon waya. Daga wata 2 zuwa shekara ɗaya, in ya kai 50 ya yi sauri. Ƙasa da wata 2 kuwa 60 ne. In kin ga haka, ko haƙarƙari na lotsawa, ko leɓɓansa sun canza launi, ko numfashin yana ɗaukewa, ko ya kasa shan rabin abin da ya saba, ko ya wuni bai jiƙa famfas ba, ki tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Kada ki jira gari ya waye.

Kusan kowane yaro yana kamuwa da RSV kafin ya cika shekara 2, yawancinsu a gida suke warkewa. 'Yan ƙasa da wata shida da bakwaini da masu ciwon zuciya ne take kayarwa.

Ki riƙa ɗiga masa ruwan hancin kafin shayarwa, don jariri da toshewar hanci ba ya iya tsotso. Ki ba shi nono kaɗan-kaɗan, akai-akai. Turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi ki dakatar da su, na san da wuya ga mai jego, amma hayaƙi yana ƙara masa wahala. Zuma ma kada a ba shi sai ya shekara, ko da Hajiya ce ta kawo, ki lallaɓa ki yi mata bayani. Masu ɗaukarsa su wanke hannu.

Tarin zai iya kai sati uku, wannan kaɗai ba abin tsoro ba ne. Yau da dare ki ƙirga numfashin, ki faɗa mana nawa kika samu.