Nawa wakilin gidan rediyo ko jarida yake samu a Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na karanta aikin jarida a Jami'ar Bayero, kuma ban jima da gama hidimar ƙasa ba. Wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Kano ya ce in zo in fara ɗauko musu rahoto. Da na tambayi albashi sai aka ce in fara tukuna, za a riƙa ba ni kuɗin mota, in kuma na kawo talla ina da kaso. Mahaifina ya fi son in bi yayana shago a Kantin Kwari. Don Allah nawa wakilai suke samu a gaskiya, kuma me ke sa wani ya fi wani? Daga wani matashi a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya sanya albarka a karatun, Ya saka wa mahaifinka da alheri, don damuwarsa tana kan hanya.

Babu albashi guda da za a ce shi ne na wakili a Kano. Ka je Sakatariyar 'Yan Jarida da ke Farm Centre ranar da ake taron manema labarai, ka dubi mutum huɗu a benci ɗaya, kowa ya miƙa wayarsa gaban mai magana. Na farko ma'aikacin gwamnati ne, albashinsa na shiga a ƙarshen wata. Na biyu wakilin wata jaridar Legas ko Abuja ne. Na uku yana aika wa kafar waje, ana biyan sa a kan kowane rahoto da aka sa. Na huɗu kuwa ba shi da komai sai katin shaida da ya rataya a wuya. Magana ɗaya suka naɗa, amma abin da zai shiga aljihunsu a wata ya yi hannun riga. Saboda haka abin da ya kamata ka fara bincika shi ne wa zai biya ka, kuma a kan wace takarda.

Ma'aunin da za ka riƙe shi ne mafi ƙarancin albashi. A 2019 an mayar da shi N30,000, a watan Yulin 2024 ya koma N70,000, gwamnatin Kano kuma ta sanar da N71,000 ga ma'aikatanta a watan Oktoban shekarar. Alawus ɗin 'yan hidimar ƙasa ya koma N77,000 daga watan Maris na 2025. Duk tayin da aka yi maka, ka ɗora shi a kan waɗannan. Sai dai ka sani, dokar mafi ƙarancin albashi ta bar ƙofofi a buɗe. Ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka nan ba ta shafi mai aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i ba, ko wanda ake biya da kamasho ko a kan adadin aikin da ya yi. Ka sake karanta abin da aka faɗa maka, "kuɗin mota da kason talla", za ka ga ta wace ƙofa aka shigo da kai.

A kafafen gwamnati lissafin a fili yake. Gidan Rediyon Kano da ARTV da jaridar Triumph na jiha ne, NTA da Rediyon Pyramid da Kamfanin Dillancin Labarai na NAN na tarayya ne. Mai digiri yakan fara ne a mataki na 8, ya riƙa hawa da shekaru da jarrabawar ƙarin girma. Ba albashin da zai gina maka gida cikin shekara biyu ba ne, amma ya ɗara mafi ƙarancin albashi, yana zuwa, akwai fansho da hutu. Matsalar ita ce samun gurbin, don ba kullum ake ɗauka ba. Kuma ko a nan ɗin ba a cika baki: an taɓa rufe Triumph, wadda aka kafa a 1980 zamanin Abubakar Rimi, a shekarar 2012, sai bayan wasu shekaru aka farfaɗo da ita.

Inda maganar take da tsawo shi ne gidaje masu zaman kansu, kuma nan ne aka kira ka. Kafin Freedom Radio ta fara aiki a 2003, yawanci kunnen Bakano yana hannun gidajen gwamnati ne da na ƙasashen waje. Yau tashoshin FM a Kano sun haura 20, ga jaridun intanet da ba su ƙirguwa. Wannan alheri ne ga mai neman wurin koyon aiki. Amma masu ba da talla ba su ƙaru daidai da yadda tashoshin suka ƙaru ba. Ka kunna rediyo da dare ka saurara da kyau, za ka ji su wa ke riƙe da gidajen: 'yan siyasa da sojojin bakansu, masu maganin gargajiya, makarantu masu neman ɗalibai, 'yan kasuwar Kwari da Singa da Sabon Gari, sai 'yan tallace-tallacen manyan kamfanoni da ake rabowa daga Legas. Daga wannan kuɗin za a sayi man dizal na janareta, a biya lasisin NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, a gyara na'ura, abin da ya rage shi ne albashi. Idan zaɓe ya ƙarato kuɗi ya shigo, idan aka rantsar da gwamnati kasuwa ta kwanta. Shi ya sa za ka ga gidajen da suka kafu suna biya a kan kari, har da ɗan alawus, wasu kuma sabon ɗauka ba ya kaiwa ko mafi ƙarancin albashi, wasu ana bin su bashin watanni. Akwai kuma waɗanda ke tara matasa da sunan 'yan sa kai, shekara ta zagayo ba a ce musu ci kanku ba.

Wakilan manyan jaridun ƙasa sun bambanta su ma. Wanda kamfaninsa ke da ƙarfi yana da albashi da kuɗin zirga-zirga. Wani kuwa jihar Kano gaba ɗaya, da ƙananan hukumominta 44, an ɗora masa shi kaɗai, kuma ana sa ran ya kawo tallar taya murna daga gwamnati ko attajirai.

Su kuma kafafen waje, su ne burin yawancin matasanmu, kuma da dalili. BBC tana Hausa tun 1957, DW tun 1963, Muryar Amurka ta fara a 1979, RFI ta fara a 2007, TRT Afrika ta shigo a 2023. Cikakken ma'aikacinsu yana cikin waɗanda suka fi kowa samu a wannan sana'a a Arewa. To amma cikakkun ma'aikatan 'yan kaɗan ne. Da yawa daga muryoyin da kake ji suna cewa "daga Kano" ana biyan su ne a kan rahoto. Watan da aka yi rikicin masarauta ko shari'ar zaɓe, aiki ya yi yawa, kuɗi ya yi kauri. Watan da gari ya yi shiru, sai haƙuri. Wanda ake lissafa masa da dala ko yuro ya ga canji tun da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira a watan Yunin 2023. A ce, misali, ana ba mutum dala 50 a kan rahoto. Lokacin da dala take wajen N460 a farashin gwamnati, N23,000 ke nan. Da ta haura N1,500 a 2024, rahoton nan dai ya zama N75,000. Sai dai wannan ƙofar ma tana iya rufewa dare ɗaya. A watan Maris na 2025 umarnin shugaban Amurka ya dakatar da ayyukan Muryar Amurka, masu aika mata rahoto daga nan suka wayi gari ba inda za su aika.

Yanzu ka zo mu yi lissafin da matasa ba sa yi, wato abin da aikin ke cinyewa. Mai ɗauko rahoto ba ya zama a ofis. Da safe kana hedikwatar 'yan sanda a Bompai, kafin azahar kana babbar kotu a Sakatariyar Audu Bako, da la'asar an ce gobara ta tashi a wata kasuwa, sannan ka koma ofis ka tace murya kafin labaran yamma. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai N200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura N1,000, kuɗin adaidaita sahu kuma ya bi ta. A ce kana kashe N2,000 kullum a zirga-zirga, kwana 26 ya zama N52,000. Ba a sa data ba, ba a sa katin kira ba, ba a sa abincin rana ba, ba a sa gyaran wayar da ita ce rikodarka kuma ita ce kyamararka ba. Wanda aka ba N70,000 aka ce komai a kansa, wanda aka ba N50,000 amma gidan ke ɗaukar nauyin mota da data ya fi shi komawa gida da kuɗi.

A wannan giɓin ne ambulan ke shigowa, kuma zan faɗa maka ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Ana gama taro sai jami'in hulɗa da jama'a ya zaga da takarda a rubuta suna da lambar asusu, a kira shi kuɗin mota ko na goro. Ban ga laifin yaron da ya yini da yunwa ya karɓa kamar yadda nake ganin laifin wanda ya ba shi katin shaida ya ce ya je ya nema da shi ba. Amma dai ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya, waɗanda aka amince da su a Ilori a 1998, sun hana ɗan jarida neman lada ko karɓar sa don ya buga labari ko ya danne shi. Ko ka ajiye ƙa'ida gefe, lissafin kasuwa ma bai goyi bayan abin ba. Wanda ya saba da ambulan ƙafarsa ba ta zuwa inda babu ita. Ba zai je Dawanau ya ji dalilin tashin farashin gero ba, ba zai tsaya a layin asibiti ya ji ta bakin mata ba. Bayan shekara biyar, in an buɗe gurbi a kafar da ke biya da kyau aka ce kowa ya kawo aikinsa, ba shi da abin nunawa sai jawaban taro. Editoci kuma sun san juna, sun san wane yaron wane ne.

Haka nan nake jin tsoron kason talla ga mai ɗauko rahoto. Neman talla sana'a ce mai kyau, akwai masu ci da ita da mutuncinsu. Haɗa ta da labarai a hannun mutum ɗaya ne matsalar. Makarantar da ta ba ka talla ranar Litinin, idan rufin ajinta ya rufto ranar Laraba, da wane baki za ka kai rahoton?

Abubuwan da ke ɗaga darajar wakili kuwa sanannu ne. Na farko harshe biyu: wanda zai rubuta labari da Hausa mai tsafta, ya juya ya rubuta shi da Turancin da edita ba zai sha wahalar gyarawa ba, yana da kasuwa biyu. Sai iya ɗaukar bidiyo da tace shi a waya ko kwamfuta, don yanzu kusan kowace kafa tana neman mutum ɗaya da zai kawo rubutu da murya da hoto. Sai kuma fanni. Masu bin 'yan siyasa sun yi yawa, amma waɗanda suka iya karanta kundin kasafin kuɗin jiha, ko suka fahimci shari'a, ko harkar lafiya da noma, ba su da yawa. Irin waɗannan ne ke samun tallafin binciken ƙwaƙwaf daga cibiyoyi kamar ICIR da CJID da Cibiyar Wole Soyinka, inda ake ɗaukar nauyin tafiya da masauki a kan labari guda. Wasu kuma suna buɗe shafinsu a YouTube ko Facebook. Akwai samu a ciki, amma ba na gaggawa ba ne, kuma yana jan mutum zuwa kanun labarai na tayar da hankali in bai kama kansa ba.

Kada ka manta da haɗari. Ranar 20 ga Janairun 2012, lokacin hare-haren da aka kai Kano, an harbe Enenche Akogwu, wakilin gidan talabijin na Channels, yana bakin aiki. Ba ranar irin wannan kaɗai ba, zanga-zanga da gangamin siyasa da hanyar Falgore da daddare duk wakili ne ke shiga. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya zuba kashi 8, kuma ta tanadi inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Wanda ba shi da takardar ɗaukar aiki, duk wannan ya wuce shi. Ko Kotun Ma'aikata ya je, kuma tana da reshe a nan Kano, abin da za a fara nema a hannunsa shi ne shaidar cewa an ɗauke shi.

To ga abin da nake ganin ya dace ka yi. Ka koma wurinsu cikin ladabi, ka nemi a rubuta maka abu huɗu: nawa ne kuɗin motar a wata, wata nawa gwajin zai ɗauka, wane albashi za a fara ba ka bayan gwajin, kuma wa ke biyan kuɗin zuwa ɗauko rahoto. In sun rubuta, ka karɓa ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba, don wata uku zuwa shida a ɗakin labarai zai koya maka abin da aji bai koya maka ba. In sun ƙi rubutawa, ka gode musu ka nemi wani gidan, tashoshi suna da yawa. Maganar talla kuma ka roƙi a bar wa sashen kasuwanci.

Game da Baba, kada ka mayar da abin jayayya. Ka zauna da shi da yayanka ku yanka wa'adi, a ce shekara guda. Ka riƙa zuwa shago ranakun da ba ka da aiki, abin da ka samu a can shi zai ba ka ƙarfin kawar da kai idan an zago da takardar rubuta suna. Zama a Kwari ma ba asara ba ne ga ɗan jarida: a can za ka fara jin yadda canjin dala ke taɓa farashin atamfa da shadda, da halin da masu shigo da kaya ke ciki, kafin labarin ya kai ɗakin labarai. Ka buɗe fayil ka riƙa adana duk rahoton da ka yi da kwanan watansa. Idan shekara ta cika, ka fitar da guda goma mafi kyau ka aika wa manyan kafafe, ka kuma zauna da Baba ku duba abin da ya shigo da abin da ya fita. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri.