Allura uku haƙori bai mutu ba, likita ya tura ni ɗaukar hoto

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na je a cire mini turmin ƙarshe na ƙasa, na can ƙurya. An yi mini allurar kashe zafi har uku, leɓena ya mutu, amma da ya taɓa haƙorin sai na ji zafi har ka. Sai ya ajiye kayan aiki, ya ce in kawo hoton CBCT, wani hoton X-ray na musamman, tukuna. Rashin ƙwarewa ne, ko kuɗi ake son ci? Daga wata mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Hajiya, sannu da jiki. A ganina likitan nan ya kyauta miki da ya dakata.

A cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa akwai wani siririn rami, ɗaya dama ɗaya hagu. Yana farawa ta ciki, bayan turmin ƙarshe, ya bi ta ƙarƙashin saiwoyin haƙora, ya ɓullo ta wata ƙaramar kafa a gefen haɓa. Jijiyar da ke sa haƙoran ƙasa da leɓe da haɓa su ji taɓi a nan take kwance, tare da hanyoyin jini. Ita ake nufa da allura, a daidai mashigarta.

To, ba kowa Allah ya yi wa ramin nan iri ɗaya ba. A wasu yana rabuwa biyu, kamar hanyar da ta yi rassa. A wasu kuma wani ƙaramin reshe kan balle ya hau sama, ya fito ta bayan turmin ƙarshe, daidai wurin da wuƙar likita ke fara yanka. Irin wannan ƙarin reshen na iya kuɓuce wa allura, leɓe ya mutu alhali haƙori na nan da ransa. Idan kuma aka yanke shi cikin rashin sani, jini kan zuba fiye da yadda aka zata. Ko a mutum ɗaya ma, dama da hagu kan bambanta. Sai dai kada mu ɗora wa halitta komai: haƙorin da ya kumbura ko ya tara mugunya shi ma yakan ƙi jin allura, kuma wannan ya fi yawa. Akwai dabarar allura ta Gow-Gates, wadda ake yi daga sama kafin jijiyar ta rarrabu, tana taimakawa a irin wannan hali.

Abin da ya fi zafin nan muhimmanci shi ne inda saiwar haƙorinki ta tsaya. Hoton X-ray na baki na yau da kullum shimfiɗaɗɗe ne, ba ya nuna ko ramin yana ta gefen kumatu, ko ta gefen harshe, ko tsakanin saiwoyi. Idan likita ya ga saiwa ta yi duhu a inda ta haɗu da ramin, ko farin layin ramin ya yanke, ko ramin ya karkace, alama ce suna manne. CBCT yana nuna ƙashin ta fuska uku, yanki-yanki. Ba kowa ke buƙatarsa ba, ga tsada, ga hasken X-ray da yake sa wa jiki ya fi na hoton yau da kullum ƙarfi, amma a irin naki ya cancanta. Masu dashen haƙori ma saboda jijiyar nan suke barin tazarar kamar milimita 2 tsakanin dashen da ramin.

Idan hoton ya nuna suna manne, kuma haƙorin bai ruɓe ba, ana iya yanke kansa kawai a bar saiwar. Idan sai an cire duka, akan rarraba shi gunduwa-gunduwa maimakon a fizge. Aikin likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi ne, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Ina jin takaicin ganin wanda aka taɓa wa jijiyar nan. Yana shan shayi yana zubo masa ta gefen baki bai sani ba, yana cizon leɓe har ya yi jini. Akasari abin kan warware cikin makonni ko watanni, amma akwai wanda ke zama da shi har abada. Don haka bayan an yi miki aikin, idan kika wayi gari leɓe ko haɓa ko gefen harshe bai dawo daidai ba, ki koma wurin likita a ranar. Ki kuma tafi da hoton duk inda za a sake taɓa miki haƙori.