Aikin jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido: akwai ranar hutu?

Ka tambaya ko ma'aikacin jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido yana samun ranar hutu a mako, da abin da za ka tanada kafin ka hau. Gaskiya babu ranar hutu, ɗan'uwa. Yawanci kwantiragin wata shida ne zuwa tara, kullum sai ka fita aiki, awa goma ko fiye. Abin da yarjejeniyar ma'aikatan ruwa ta MLC ta 2006 ta tanada shi ne hutun awa 10 a cikin awa 24, da awa 77 a mako. Takardun kuwa: fasfo, shaidar lafiya daga likitan da aka amince da shi, da satifiket na horon STCW, inda ake koyar da kashe gobara, agajin gaggawa da tsira a ruwa. In jirgin zai tsaya a tashoshin Amurka, sai bizar C1/D, wadda Amurka ke ba ma'aikatan jirgi.

Sai dai awa goman nan ta hutu ba lallai ta zo a jere ba, ana iya raba ta biyu, kuma a nan sababbi suke jigata. Ɗakin kwana yana can ƙasa, galibi ba taga, gado mai hawa biyu, abokin ɗakinka na iya tashi aiki ƙarfe uku na dare ya kunna fitila. Ni dai na ga wanda ya iya barcin rana na awa biyu ya fi mai sauka gari a kowace tasha ƙarko. Ka sayi abin toshe kunne da takalmin da ba ya santsi, kuma ka fara taka shi tun a gida.