Kamfanin sukari ba a auna shi da lissafin shekara ɗaya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya, na bari sai na samu natsuwa, don ba ta amsuwa a layi biyu. Ka ce ka ɗauko rahoton shekara na wani kamfanin sukari ka yi lissafi: farashin hannun jarinsa ninki huɗu ne kacal na ribar da kowane hannu ya samu, kadarorinsa na kusa, wato tsabar kuɗi da abin da zai iya zama kuɗi cikin shekara, sun ninka basussukansa na kusa, waɗanda zai biya cikin shekara, sau biyu, kuma ya raba riba mai tsoka. Kana tambaya ko wannan ya isa ka zuba kuɗinka.

Lissafinka daidai ne, ban ga kuskure a ciki ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk daga rahoton shekara ɗaya ka ciro shi. Ni ma da haka na fara, kuma na ɗanɗana kuɗata. Shekarun baya na sayi hannun jarin wani kamfanin sukari, ba sai na kama suna ba, saboda ma'aunin nan na farashi bisa riba, wanda za ka ga ana rubuta shi P/E, ya yi ƙasa ƙwarai. Har ina ganin sauran 'yan kasuwa barci suke yi. Ashe ni ne mai barcin. Shekarar da na yi lissafi da ita ita ce shekarar da sukari ya yi tsada a duniya. Da farashi ya sauko ribar ta bi shi, rabon riba ya tsaya cak, hannun jarin ya zube. Na riƙe shi shekara uku kafin na fita da asara.

Dalilin yana cikin yanayin sana'ar. Sukari haja ce da kamfani ba ya yanka mata farashi. Ɗanyen sukari a kasuwar New York ake yi masa farashi, da santin dalar Amurka a kan kowace laba, fari kuma a Landan, da dala a kan tan. Dubi yadda ɗanyen ya yi ta hawa da sauka: a farkon 2011 ya haura santi 35, a 2018 ya sauko wajen santi 10, a Afrilun 2020 ya faɗi ƙasa da 10, sannan a ƙarshen 2023 ya sake haura 27. Rashin ruwan sama a Brazil, ƙarancin damina a Indiya ko Thailand, tashin farashin man fetur, kowanne na iya juya shi. Su kuwa kuɗin noman rake da albashi da gyaran injuna ba sa sauka don farashin sukari ya sauka.

Bari mu ƙaddara wasu alƙaluma don abin ya fito fili. A ce kamfani yana kashe 480 kafin ya fitar da tan guda, yana sayarwa 600. Ribarsa 120. Farashi ya tashi da kashi 20 cikin ɗari, ya koma 720, riba ta zama 240, ta ninka ke nan. Ya sauka da kashi 20, ya koma 480, riba ta ɓace baki ɗaya. Motsin kashi 20 a farashi ya zama motsin kashi 100 a riba. To idan ka raba farashin hannun jari da ribar shekarar 240, dole ka ga araha. Masu sayar maka sun san ribar nan ba mai ɗorewa ba ce, shi ya sa suka saki a wannan farashin. A irin waɗannan kamfanoni sau da yawa ƙaramin P/E alama ce ta cewa an kai ƙololuwa, babba kuma, ko ma babu shi sam saboda asara, yakan zo ne lokacin da abu ya kai ƙasa.

Abin da nake yi yanzu shi ne in tattaro rahotannin shekara bakwai zuwa goma, in jera ribar kowane hannu, har da shekarun asara, in fitar da matsakaici, sannan in raba farashin yau da shi. Hannun da ake sayarwa 40, ribar bana 10, ninki huɗu ne. In matsakaicin shekara takwas 3 ne, ya koma ninki goma sha uku da ɗoriya. Kamfani ɗaya, farashi ɗaya, amma labari ya sauya. Haka nake yi wa ma'aunin riba bisa jarin da aka zuba: ba na ɗaukar na shekarar daɗi, matsakaicin nake so, in gwada shi da kuɗin ruwan da kamfanin ke biya a kan bashinsa. Idan a tsawon shekaru jarin yana kawo abin da bai kai kuɗin ruwan ba, banki kamfanin yake yi wa aiki.

Kafin ma nan, ba ka faɗa mana wane irin kamfanin sukari ba ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai mai gonar rakensa da injin matsewa. Akwai mai injin kawai, yana sayen rake daga manoma. Akwai matata, wadda take sayo ɗanyen sukari daga waje ta tace ta sayar. Akwai kuma na Turai, da suke cire sukari daga wani tushe mai kama da gwoza, wanda shi ke ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar na sukarin duniya. Tsadar ɗanyen sukari alheri ce ga mai gona, amma ga matata ƙarin kuɗin sayen kaya ne. Ita matata abin da take ci shi ne tazarar da ke tsakanin ɗanye da fari, kuma babban haɗarinta canjin kuɗi ne: ta ciyo kaya bashi da dala, ta sayar da kuɗin ƙasarta, kuɗin ya faɗi kafin ta biya. Za ka ga ribar ciniki lafiya lau a saman shafi, ka gangaro ƙasa ka tarar asarar canji ta lashe ta. Don haka kada ka gwada ma'aunin matata da na mai gona ka ce wannan ya fi wancan.

Sai ma'aunin da ka yi murna da shi, na kadarorin kusa bisa bashin kusa. A nan sai an yi hattara da ranar da aka rufe littafi. Rake ba ya jira, in aka sare shi dole a matse cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba zaƙinsa ya fara raguwa. Saboda haka masana'anta takan yi aikin shekara a cikin 'yan watanni, ta cika sito, ta yi ta sayarwa sannu a hankali har wata kakar. Kamfanonin Indiya suna rufe littafi ranar 31 ga Maris, daidai lokacin da matsa ke ƙarewa kuma sito ya cika maƙil. Da yawa daga na Brazil su ma ƙarshen Maris suke rufewa, amma su a wurinsu sabuwar kaka a Afrilu take farawa, sito ya kusa zama wayam. Rana ɗaya, hoto biyu mabambanta. Wanda bai san wannan ba zai ce na Indiya ya kasa sayar da kaya, ko ya ce na Brazil ya fi iya juya haja.

Ninki biyun naka, ka cire buhunan da ke sito daga ciki ka sake rabawa. In abin da ya rage na tsabar kuɗi da bashin da kamfanin ke bin 'yan kasuwa bai taka kara ya karya ba, to ƙarfin da ka gani buhunan sukari ne, kuma darajarsu tana bin farashin gobe. Ka duba rahoton rabin shekara ma, ka ga yadda bashin yake kumbura yana sacewa.

Wani wuri da ba kowa ke leƙawa ba shi ne bashin da manoma ke bin kamfani. A Indiya gwamnatin tarayya ce ke yanka mafi ƙarancin farashin rake, wasu jihohi irin su Uttar Pradesh kuma su ɗora nasu a sama. Idan sukari ya faɗi, kamfani ba shi da ikon rage kuɗin rake, sai ya riƙa jan ƙafa wajen biyan manoma. Bashin banki ba zai nuna ya ƙaru ba, ma'aunin bashi bisa jari zai yi kyau a ido, alhali ramin yana can a layin kuɗin da masu kawo kaya ke bi. Ni ina haɗa shi da bashin banki in yi lissafi. Manomin da aka riƙe wa kuɗi kuma, baɗi yana iya shuka wani abin, injin ya rasa abin matsewa.

Bashi dai shi ne abin da na fi daɗewa a kai. Ana raba bashin da ya rage bayan an cire tsabar kuɗin da ke hannu da ribar aiki kafin a cire kuɗin ruwa da haraji da tsufan injuna, wadda rahotanni ke kira EBITDA. Matsalar ita ce a shekarar daɗi wannan ma'auni yakan yi kyau da kansa. Ni da ribar shekarar da ta fi muni a cikin jerin nake raba bashin yau. Sannan in tambayi kaina: a waccan shekarar, ribar aiki ta iya biyan kuɗin ruwa? Sau nawa? In ko sau ɗaya ba ta kai ba, to da bashi aka biya bashi, ko kuma aka sayar da sababbin hannayen jari aka tsarma na tsofaffi. Ka lura kuma, a kamfani mai gona ita EBITDA takan yi ƙiba fiye da gaskiya. Rake yana tsirowa daga tushensa shekara bayan shekara, amma amfaninsa raguwa yake yi, bayan kamar shekara biyar ko shida sai an tuge an sake shuka. Wannan kuɗin sake shuka ba zaɓi ba ne, amma yawanci a ɓangaren zuba jari ake rubuta shi, ba a cikin kuɗin gudanarwa ba. Sai ka je takardar shige da ficen tsabar kuɗi ka cire shi da hannunka.

Wannan takardar ita ce wadda na fi yarda da ita, kuma ga dalili. Dokar lissafi ta duniya ta ce a ƙiyasta darajar raken da ke tsaye a gona, in ƙiyasin ya tashi a rubuta ƙarin a matsayin riba, ko da ba a sare kara ɗaya ba. Ƙiyasi kuwa a hannun masu kamfani yake. Tongaat Hulett na Afirka ta Kudu, tsohon kamfani mai sama da shekara ɗari, a 2019 ya fito ya ce ba za a dogara da alƙalumansa na baya ba, aka dakatar da cinikin hannun jarinsa a kasuwar Johannesburg. Binciken da aka yi ya nuna an kumbura darajar rake, an rubuta ribar sayar da filaye kafin lokacinta, an mayar da kuɗin gudanarwa kadara. A Oktoban 2022 ya shiga shirin ceto daga durƙushewa. Duk ma'aunin da mutum ya fitar daga waɗancan rahotanni, komai ƙwarewarsa a lissafi, a kan yashi ya yi gini. Abin da mai karatu daga waje zai iya yi shi ne ya tara ribar da aka rubuta ta shekara biyar, ya tara tsabar kuɗin da aiki ya shigo da ita a shekarun, ya ajiye su gefe da gefe. In riba tana hawa, tsabar kuɗi ba ta biyo ta ba, bashi kuma yana ƙaruwa, ni a nan nake rufe rahoton.

Akwai alƙaluman da ba na kuɗi ba ne, amma su ke haifar da na kuɗin. Tan nawa na rake hekta ke bayarwa. Kilo nawa na sukari ake samu a tan guda na rake, wanda yawanci yakan faɗa tsakanin 100 da 130. Kwana nawa injin ya yi yana aiki a kakar. Bambancin kilo goma a tan kamar ba komai ba ne, amma rake ɗaya aka saya, ma'aikata ɗaya aka biya, don haka kusan dukkansa riba ce. Daga nan ake fitar da kuɗin samar da tan guda, kuma shi ne yake nuna wanda zai tsira in farashi ya faɗi. Ka duba kuma nawa ne ke shigowa daga etanol, man da ake haɗawa da fetur, da kuma wutar lantarkin da ake samu ta ƙona tuƙar rake. Masana'antun Brazil da yawa suna iya karkatar da ruwan rake zuwa sukari ko etanol, duk wanda ya fi kuɗi a lokacin, kuma wannan yana rage musu zafin faɗuwa.

Gwamnati kuwa babu ma'aunin da ke kama ta. Tarayyar Turai ta soke tsarin ƙayyade yawan sukarin da kowace ƙasa za ta samar a ƙarshen Satumban 2017, kaya ya yi yawa, farashi ya faɗi, har Südzucker na Jamus, babba a nahiyar, ya tafka asara ya sanar da rufe masana'antu biyar a 2019. Indiya ta taƙaita fitar da sukari a 2022, a kakar 2023 zuwa 2024 kuma ta rufe ƙofar kusan gaba ɗaya, daidai lokacin da farashin duniya yake sama. In ribar kamfaninka ta dogara ne a kan harajin da ke hana sukarin waje shigowa, ko lasisin shigo da ɗanye, to ka sani sa hannun mutum ɗaya na iya sauya dukkan jadawalinka.

Rabon ribar da ya burge ka ban ba shi nauyi sosai ba. Duba kawai ko sun biya a shekarun wuya, kuma daga tsabar kuɗin aiki suka biya ko daga rance.

Ba zan ce maka saya ko kar ka saya ba, don ban ga takardun ba, kuma kuɗinka ne. In ka samu lokaci, ka turo mana abu biyar na shekara takwas a jere: ciniki, ribar aiki, kuɗin ruwa, tsabar kuɗin da aiki ya shigo da ita, da jimillar bashi har da na manoma. Ka haɗa da watan da suke rufe littafi, ka kuma gaya mana ko gona gare su ko matata ce. Sai mu duba tare, in Allah Ya yarda.