Amsa ga ƙanenmu mai gwajin na'urar yatsa a Aboabo

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ƙungiyar adashinku ta sayi na'urar tantance zanen yatsa, ka ɗauki yatsun mutum 200 don gwaji, kana neman manhajar da za ta tabbatar maka bayanan na da inganci. Na daɗe a wannan aiki nan Kumasi, don haka bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Ka fara da NFIQ 2. Hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ce ta fitar da ita, kuma kyauta ce. Kana ba ta hoton yatsa, ta ba shi maki daga 0 zuwa 100, mai yawa shi ne mai kyau. Sai dai ka kula, tsohuwar NFIQ ta 2004 daga 1 zuwa 5 take ƙirga, kuma 1 ne ya fi kyau. Akwai na'urorin da har yau tsohon makin suke bayarwa, ka bincika wanne taku ke fitarwa. An kuma gina NFIQ 2 ne don hoto mai ɗigo 500 a kowane inci. In hoton fuska za ku haɗa da shi, akwai manhajar OFIQ ta hukumar tsaron bayanai ta Jamus, mai auna kyan hoton fuska.

To amma inda na fi so ka tsaya shi ne nan: manhajar maki kyan hoto kawai take gani, ba ta san yatsan na wane ne ba. Wata shekara muna gwaji ga wata ƙungiya, makin hotuna ya yi kyau sosai, amma na'ura na ta haɗa mutanen da ba su da wata alaƙa. Muka ɗauko manhajojin MINDTCT da BOZORTH3, su ma na NIST ne, ta farko ta tsamo rassan zanen yatsa, ta biyu ta gwada kowane yatsa da sauran duka. Sai ga babban yatsa guda ya fito a sunan tsofaffi goma sha ɗaya. Ashe na yaron da ke rajista ne. Lokacin hunturu ne, hannun iyayen namu ya bushe ya tsage, na'ura ta ƙi karɓa, layi ya yi tsawo, shi kuma tausayi ya kama shi ya riƙa ɗora nasa. Bai yi da mugunta ba, amma ya ɓata mana aikin mako uku. Don haka ka gwada kowa da kowa, ka ware mutum biyu masu suna daban da makin kamarsu ya yi sama, da mutum ɗaya da yatsansa ya ƙi kama da nasa na jiya, ka zauna ka dube su da ido ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa za ka tarar an ɗora manuniya an rubuta ɗan tsakiya, ko hagu a gurbin dama.

Sauran shara ba wuya. SHA-256, wato lissafin da ke fitar wa kowane fayil lambar shaida gwargwadon abin da ke cikinsa, zai tona maka fayil ɗin da aka kwafa sau biyu. OpenRefine kuma, manhajar tsabtace bayanai, za ta tattaro maka Muhammad da Mohammed da Mahamadu wuri guda ka tantance.

Roƙona gare ka, kada ka goge hotuna masu ƙaramin maki don sakamako ya yi kyau. Masu wannan makin su ne masu zubin ku: mai wanki da sabulu ya cinye mata zane, magini, 'yan matan da ke dako a kasuwar Kejetia, tsohuwar da fatarta ta yi laushi. Ka ƙirga su daban, ka rubuta nawa ne suka kasa rajista gaba ɗaya. Mun tuna zaɓen Gana na 7 ga Disamba 2012, da na'urorin tantancewa suka ba da matsala a wasu rumfuna har aka kai washegari ana zaɓe. Abin da aka gwada a ofis mai sanyi ba shi ne abin da ake tararwa a rana da ƙura ba. Ka ɗauki wani kaso na yatsun cikin hunturu, wani da damina, ka ajiye ɗan man kaɗanya ga mai busasshen hannu, da tsumma mai laushi na goge gilashin.

Lissafi kuma: in ka yi gwaji 300 masu zaman kansu ba kuskure ko ɗaya, abin da za ka iya cewa kawai shi ne kuskuren bai kai kusan 1 cikin 100 ba. Kada ka gaya wa shugabanninku na'urar ba ta kuskure.

Dokar kare bayanai ta Gana ta 2012, mai lamba 843, ta shafe ku, ka nemi yardar kowa a rubuce. Kuma don Allah kada ka turo hotunan yatsun mutane cikin wannan zaure. Ka turo mini jadawalin makin kawai ba tare da sunaye ba, tare da samfurin na'urar, in sha Allahu bayan la'asar zan duba.