Hurumin wa ne banɗakin makarantar 'yata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata tana aji biyar a wata firamaren gwamnati a cikin birnin Zariya. Ajinsu na yoyo, ga babu banɗaki, har ta daina shan ruwa da safe don kada fitsari ya matse ta. Hedimasta ya ce ba huruminsa ba ne. To hurumin wa ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Hedimasta bai yi miki ƙarya ba, kuɗin gini ba sa bi ta hannunsa. Sai dai bai kamata ya sallame ki a nan ba.

Dokar ilimi ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole. Tarayya na ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta, amma jiha ba ta samun rabonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Da wannan kuɗi hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Kaduna, wato SUBEB, ke gina aji da banɗaki, ta haƙa burtsatse, ta sayo benci. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi, Zariya ce ko Sabon Gari, kuma kaso mai tsoka yake ci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwan nan da ta daina sha. Yarinyar da ke wuni da ƙishirwa a zafin bazarar Zazzau kanta zai riƙa ciwo, hankalinta ba zai tsaya kan allo ba, riƙe fitsari kuma na iya jawo mata ciwon mara. Nan da shekara ɗaya ko biyu za ta iya fara al'ada. A makarantar da ba ta da wurin kewayawa, fashin kwana uku ko huɗu za ta riƙa yi duk wata, daga nan sai a ce ba ta da ƙoƙari, sai farantin talla ya biyo baya. Mai rubuta kasafi a Kaduna layi ɗaya ya tsallake, yarinya ce ke biya da jikinta.

Mun ga ƙarfin layi ɗaya a 2016, da jihar ta fara ciyar da 'yan firamare. Azuzuwa suka cika maƙil da yaran da a da ba sa zuwa, alhali ba a tanadar musu wurin zama ba.

Ki nemi kwamitin kula da makarantar, wato SBMC, inda iyaye da masu unguwa ke da kujera. Ku rubuta takarda, ku faɗi yawan ɗalibai mata da maza, ku haɗa da hoton rufin. Ku kai wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafi, kansilan mazaɓarku ma ya samu nasa. Ku yi haka kafin damina ta wuce, domin a ƙarshen shekara ake gabatar da kasafi. In an ce muku an saka aikin, ku koma ku tambaya ko an saki kuɗin, don a nan ayyuka da yawa ke maƙalewa.

Kafin nan, don Allah ki mayar mata da gorar ruwanta. Ku iyaye mata ku roƙi wani gida na amana kusa da makarantar ya bar 'yan matan su riƙa kewayawa lokacin tara.